Kada Ki Ce Mini Da Sauƙi

Zuwa ga Madam ta lakwal ɗin Belbeji,

Gaisuwa mai yawa daga Tanut. Ina fata kin sauka lafiya, an ba ki ɗaki mai ƙyaure, ruwan garin kuma ya karɓe ki. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki duk suna gaishe ki. Ubangiji ya tsare ki a garin da ba ki da kowa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na baki. Amin.

To, gaisuwa ta ƙare. Yanzu ki gyara zama.

Shekaranjiya na ɗauko kwallar da nake ajiye garin kuka zan kaɗa miya, na sa ludayi, sai na ji ƙwas. Me zan gani? Gwangwanin maganinki, cike fal, an tura shi can ƙasa, har an yayyafa masa kuka a kai don kada a gan shi. Haba Madam! Duk faɗin gidan nan ki rasa inda za ki ɓoye mini abu sai cikin kuka? Ni da ba na kwana biyu ban yi miyarta ba? Ai da cikin littattafanki na faransanci kika cusa shi, da sai ya shekara ban sani ba. Duk karatun nan da kika yi, dabarar ke nan da ya ba ki.

Kuma ranar da za ki tafi, a tasha, ina tsaye gefen mota na sa gwaggonki ta tambaye ki ko kin ɗauki maganin. Kika ce kin ɗauka. Ta ce yaya kan naki, kika ce da sauƙi. Da kunnena na ji. Kin san ni ba na tambayarki da bakina, ke ce ta fari, ko sunanki ban taɓa kira ba tun da aka raɗa miki shi. Shi ya sa da mutanen unguwa suka fara ce miki Madam don kin zama malama, har daɗi na ji, na ce yawwa, na huta da "ke" da "ƴar nan". Amma yau kunyar ta ɗan matsa gefe, don raina a ɓace yake, kuma abin da zan faɗa ba na aike ba ne.

Kin san abin da ke gabanki ko kuwa sai na tuna miki? Wannan shekarar ta gwaji ce. Ke da bakinki kika gaya wa babanki cewa mai duba malamai ba ya sanarwa, motarsa kawai za a gani a ƙofar lakwal, kuma abin da ya rubuta a kanki shi ne zai tabbatar da ke a aikin ko ya maido ki gida. To in ya zo ya tarar da yara suna ta tsalle a kan benci, Madam tana ɗaki ta rufe taga da bargo tana amai a kwano fa? Me zai rubuta? Kin manta ciwon nan ya riga ya cinye miki shekara guda, ranar da ya kama ki a ɗakin jarrabawa kika kasa ganin layin takarda? Ni ban manta ba, don ni na ga yadda kika dawo. A can kuwa babu ni, babu gwaggonki, babu mai rataya miki bargo ko ya kori kaji daga bakin ƙofa.

Na san abin da ke ranki. Kin ga watanni sun wuce kan bai tashi ba, kin ce kin warke. Kuma kina jin kunyar a ga sabuwar malama tana haɗiyar ƙwaya safe da yamma kamar tsohuwa. Na sani, don duk wautar da kike shirin yi na riga ki yin ta, har da wadda ba ki kai ga tunaninta ba. Bari in jera miki, ko kya ji tsoro.

Nawa ciwon ɓarin kan ya soma ne bayan na yaye ki. Sai in ga wani ƙyalƙyali a gefen ido, irin wanda kwanon rufi yake yi da tsakar rana, daga nan na san yinin ya lalace. Rabin kai ya ɗauka, ɓangaren hagu, kamar ana daka a ciki. Warin daddawa ya tayar mini da zuciya, maganar mutum a tsakar gida ta zama azaba. Iya, kakarki ta ƙauyenmu na wajen Ollelewa, ta ɗaure mini kai da igiyar kaba har sai da ta yi shaida. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Tsagar nan biyu da ke gefen goshina, da kuke cewa kwalliya ce tun kuna yara, ba kwalliya ba ce, neman sauƙi ne. Da na gaji da wannan sai na koma wa asfirin na mai tebur. In na ji kan ya yi nauyi in watsa, in na ji kamar zai yi nauyi in watsa, in zan je biki in watsa tun daga gida. Na wayi gari cikina yana zafi kullum, kan kuma ya samo wani sabon ciwo na kowace safiya, bayan na ɓarin da bai je ko'ina ba. Daga baya likita ya gaya mini yawan shan maganin kashe ciwo shi kansa yana jawo ciwon kai. Saboda haka kada ki ce kin bar wannan gwangwanin za ki riƙe na mai tebur. Na bi hanyar nan, ba ta ɓullewa.

Bayan babban fari da ƴan shekaru, kina kwalejin kwana a lokacin, babanki ya rufe kekensa na ɗinki ya ce yau sai Damagaram. Muka hau bayan babbar mota, a kan buhuna, rana tana dukanmu, muka isa asibiti ni rabi a raye. Likitan saurayi ne, ɗan yamma, Hausarsa ta kasuwa ce amma ana ganewa. Ya riƙe wuyan hannuna yana duban agogo, ya ɗora abin sauraro a ƙirjina, ya tambaye ni ko ina da fuka, na ce ba ni da ita. Ya tambaya ko ina da ciki, na sunkuyar da kai, babanki ya amsa. Sai ya ce zai ba ni maganin rigakafi. Ni kuwa rigakafin da na sani shi ne na lamba, wanda ake tara mu a ƙofar mai gari a yi mana a dantse, sau ɗaya, shi ke nan. Nan take na naɗe hannun rigata na miƙa masa dantse na runtse ido. Na jima a haka. Da na buɗe ido sai na ga shi da babanki suna ta danne dariya.

Ya nuna mini ƴar farar ƙwaya mai tsaga a tsakiya, irin taki sak. Ya ce a sha kullum, safe da yamma, ko kai yana ciwo ko ba ya yi, kuma sai ta yi makonni tukuna za a fara ganin aikinta. Na ce to. Ai kin san to ɗin nan namu. A raina cewa nake, wane mai hankali ne zai sha magani yana lafiya lau? Ba kiran ciwo ba ke nan? Na dawo gida na ƙulle ƙwayoyin a bakin zane ina jira. Ranar da ƙyalƙyalin ya zo na haɗiye biyu a haɗe, na kwanta ina sauraron ikon Allah. Ko gezau. Na yi yinina na amai kamar yadda na saba, na tashi na ce wa babanki an cuce mu, maganin ba shi da kaifi, asfirin ma ta fi shi. Babanki ya ce in gaya masa yadda nake sha. Da na gaya masa ya ajiye almakashi ya dube ni ya ce, "Saratu, ke da kike sa ni yaɓen rufin ɗaki tun kafin hadari ya taso, ki gaya mini, ranar da ruwa yake zuba ake hawa yaɓe?" Na ji haushin gaskiyarsa. Wannan ƙwayar ba ta kashe ciwon da ya riga ya zo. Aikinta a ranakun lafiya yake, ta rage zuwansa, ta rage ƙarfinsa. Ranar da kika tashi garau kika ji ba ki da buƙatarta, to ranar ce take bakin aiki.

Na fara sha yadda aka ce. Aka samu ɗan canji, ba mai yawa ba, kan yana kwantar da ni dai kusan kowane mako. Lokacin komawa ya yi, muka sake hawa buhuna. Wannan karon babanki ya tsaya a waje ƙarƙashin bishiya, na shiga ni kaɗai. Likita ya ce, "Sannu Madam, yaya kan?" Na ce, "Da sauƙi." Ya ce, "Da sauƙi?" Na ce, "Da sauƙi ƙwarai, mun gode Allah." Ya yi murna, ya rubuta, ya ce in ci gaba haka, sai kuma bayan damina. Na yi godiya na fito.

Babanki ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce in ci gaba haka."

"Kin gaya masa ranar Talata ma kwance kika yini?"

"Ai bai tambaya ba. Gaishe ni ya yi."

"Me kika ce masa?"

"Da sauƙi mana. Me ake cewa?"

Ban taɓa ganin babanki ya cire hula a cikin mutane ba sai ranar. Ya ce, "Wato na rufe shago, mun sha rana a kan buhun gero tun safe, don ki zo ki gaisa da shi? Da kin faɗa ai da na ba direba saƙon gaisuwar!" Ya tasa ni gaba muka koma ciki, ina jan ƙafa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da likitan ya ji yadda abin yake sai ya dafe kai. Ya ce tun zuwansa ƙasar nan kalmar nan take wahalar da shi, an taɓa kawo masa mutum a kan amalanke ba ya iya ɗaga hannu, ya ce yaya jiki, mutumin ya ce da sauƙi. Ya ce, "Madam, a ɗakin nan gaisuwa daban, tambaya daban." Sai ya bi ni dalla-dalla, sau nawa yake tashi, yana kai yaushe, ina jin jiri in na miƙe, ina samun barci. Ya sake riƙe wuyan hannuna, sannan ya gyara yawan abin da zan riƙa sha. Madam, kafin kaka na zama mutum. Na yi wata cur ban rataya bargo ba. Na je kasuwa da tsakar rana na dawo da ƙafata. Da na bar shi a kan da sauƙin nan, da har yau ina nan ina cewa maganin bature ba ya ji.

Saboda haka in kin shiga gaban manjo, mai duba marasa lafiya a disfanse ɗin Belbeji, ki gaishe shi yadda aka koya miki a gida, ban ce ki zama marar kunya ba. Amma in ya ɗauki alƙalami, gaisuwa ta wuce. Ki faɗa masa komai, har abin da kike ganin ƙarami ne.

Sai wauta ta gaba, wadda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Labari ya bazu a unguwa cewa Saratu ta samo maganin kai daga Damagaram. Kin san mu, ba a hana maƙwabci wuta, ba a hana shi gishiri, balle magani. Tabawa mai ƙosai, ta bayan gidanmu, ta shigo da hantsi ta ɗaure kai da kallabi, ta ce, "Maman yara, a taimaka mini da irin naki." Ina zan iya cewa a'a? Matar da ta yi mini wankan jego? Na zuba mata a tafin hannu har ina ƙara mata, ina jin kaina wata babbar likita. Na sha'afa sam da tambayar da aka fara yi mini a asibiti. Tabawa kuwa tana da fuka tun tana budurwa, kowa ya sani, ni ma na sani. Kafin azahar ƴar'uwarta ta shigo a guje ta ce in zo. Na tarar da ita zaune ta dafa ƙasa da hannu biyu, ƙirjinta yana fito, leɓenta ya canza launi, tana neman iska a tsakiyar fili. A amalanke aka kai ta disfanse. Allah ya yi da sauran kwananta. Manjo na lokacin ya sa aka kira ni, ya wanke ni tas a gaban layin mata, ya ce wannan ƙwayar tana shaƙe mai fuka, tana kuma rage bugun zuciya, shi ya sa ba a bayar da ita sai an auna mutum. Na cancanci fiye da haka ma. Tabawa ta yafe mini, har yau ita ke ƙara mini ƙosai, amma in ta gan ni da gwangwani sai ta ce, "A'a likita, yau lafiyata lau."

Ke ma za su zo miki. A ƙauye malamin lakwal rabin likita ne, rabin alƙali. Uwar ɗalibi za ta kawo miki nono ta ce kanta yana sara, matar mai gidan da kike haya za ta ga kina sha ta miƙo hannu. Ki ce a'a. Za su ce Madam rowa gare ta, su ce. Ki raka su wurin manjo da ƙafarki in kin ga dama, amma ƙwaya ɗaya kada ta fita daga gwangwanin nan zuwa bakin wani.

Yanzu saura guda. Wannan ban taɓa gaya miki ba, ke dai kin san an je kwaleji an ɗauko ki aka ce kakarki ta rasu.

Na yi kusan shekara ina lafiya. Sai abin ya fara damuna, irin yadda yake damunki yanzu. Wata rana bayan taron zumuntar mata, wata daga cikinmu ta gan ni ina neman ruwa zan haɗiya, ta ce da murmushinta, "Af, har yanzu kina sha? Ba mun yi addu'a Ubangiji ya amsa ba?" Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar ta zauna mini. Na ce lalle, ga ni garau, ina ta cusa wa cikina magani kamar wadda ba ta gode ba. Ban tambayi likita ba, ban tambayi manjo ba, ko babanki ban gaya wa ba. Na daina rana ɗaya. Kin san inda na ɓoye gwangwanin? Kada ki yi dariya. A cikin kwallar kuɓewa.

Kwanakin farko na ji zuciyata tana dukan ƙirji kamar na yi gudu, hannuna yana rawa, na ce gajiya ce. Ashe ba a yanke shi haka kwatsam, a hankali likita yake rage wa mutum in lokacin ya yi. Ba a jima ba kan ya dawo, ya dawo da fushin duk watannin da aka hana shi. Ranar kasuwar Tanut ce, babanki yana can da kekensa, ƙannenki suna lakwal. Ina kwance cikin duhu, na rataya bargo a taga da ƙofa, ko juyi ba na iya yi. Sai na ji sallamar kawunki Habu, yayana. Ya biyo motar ƴan kasuwa daga ƙauye, kuma da ita zai koma kafin la'asar. Kin san tun da na auri babanki na bi addininsa akwai ɗan sanyi tsakanina da Yaya Habu. Iya ce ba ta taɓa canza mini fuska ba. Ya tsaya a bayan bargon bai shigo ba.

Ya ce, "Saratu, an ce kina kwance. Yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi, Yaya."

Ya ce, "Iya ce ta ce in biyo ta nan. Kwana biyu ba ta jin daɗi."

Na ce, "Wayyo. Yaya jikin nata?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Shi ke nan abin da muka ce wa juna, sai ya gida, ya yara. Ni na ji an ce da sauƙi, na ce a raina to babu gaggawa, bari kan ya sake ni in bi motar mako mai zuwa, in yi mata ƴar tsaraba. Shi kuma ya ji na ce da sauƙi, ga shi ban taso ba, ban ɗaga bargo ba, ko ruwa ban ba shi ba. Ya ce a ransa, ta samu sauƙi ke nan amma ba ta son zuwa. Alhali aiko shi aka yi ya taho da ni. Ya kasa faɗa, don a ganinsa ba a gaya wa mai kwance cewa uwarta tana bakin tafiya. Na ji takunsa yana fita.

Iya ba ta kai kasuwa ta gaba ba. Da muka je zaman makoki matar Yaya Habu ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini. Ta ce ranar da ya zo wurina, tun azahar Iya take tambaya ko motar ta iso. Da ya shiga shi kaɗai ta dubi bayansa, ta ce ina Saratu. Ya ce tana kwance amma ta ce da sauƙi. Iya ta ce, "To madalla, tunda da sauƙi." Ba ta ƙara ambatona ba.

Da ina shan maganina, Madam, da a tsakar gida zai same ni ina tankaɗe. Da na ga fuskarsa, ni da na san fuskar yayana, da ko takalmi ban tsaya nema ba. Na je wurin Fasto daga baya ina kuka na gaya masa dalilin da ya sa na daina. Ya ce, "Saratu, wa ya ba likitan ilimin? Addu'ar da aka yi miki, ba ki ga amsarta ce a cikin gwangwanin ba?" Na koma asibiti aka sake ɗora ni a kai a hankali. Tun daga ranar ban ƙara tsallakewa ba, ko a gidan biki ko a gidan mutuwa, mai kallo ya kalla. Ni da kawunki kuwa sai da muka yi shekara da shekaru kafin kowa ya gane abin da ɗan'uwansa yake nufi a bakin ƙofar nan.

Shi ya sa da na ji kalmar nan daga bakinki a tasha na tuna da bakin ƙofar nan, da na ga gwangwanin cikin kuka kuwa sai da na zauna a ƙasa. Ba daga littafi kika koyo wannan ba, a ɗakina kika koya. Kin tashi kina ganin uwarki tana fitowa daga duhu da ido a kumbure tana ce wa mutane da sauƙi. Kuma duk lokacin da naki ya tashi, gwaggonki nake turawa ta leƙa ki, ni ina daga kicin ina kasa kunne, wai kada a ce na damu da ƴar fari. To ai ga shi nan, na samu ƴa mai kunya irin wadda ake so, har ta iya yi mini ƙarya da ladabi.

Ga gwangwanin nan na ba direban motar Belbeji tare da wannan takarda, na goge shi amma in kin ji ƙamshin kuka ke kika ja. Takardar da likita ya rubuta miki tana ciki, na naɗe ta a leda. Kada ki buɗe ki kama sha da kanki don kin ji faɗa. Ki fara kai wa manjo, ki gaya masa ranar da kika daina, ranar gaskiya, shi zai gaya miki yadda za ki koma. Kada ki bari ya ƙare sannan ki aiko, in ya yi rabi ki faɗa, babanki zai sa a sayo a farmasin Damagaram. Ki karya kumallo kafin ki shiga aji, na san halinki na fita da ciki wayam. Ki sha ruwa, ki rufe kai in za ki ratsa rana, ki rage zaman gyaran takardun yara har barci ya wuce ki. Ki gaya wa diraktan lakwal ɗinku tun yanzu cewa kina da wannan lalurar kuma kina kan magani, ya ji daga bakinki kina tsaye ya fi ya gano kina kwance. In kuma Allah ya kawo miji, ban ce akwai ba, ban kuma ce ban ji ƙishin-ƙishin ba, to kafin maganar ciki likita zai fara sani. Ranar dainawa in ta zo shi zai faɗa, ba ke ba, ba wata mai murmushi a bakin majami'a ba.

In za ki rubuto amsa, ki yi gaisuwarki a sama yadda aka saba. Ki ce lafiya lau, ki ce da sauƙi, ki ce garin da daɗi, ban hana ba, babanki zai karanta wa maƙwabta su ji daɗi. Sai ki ja layi. A ƙasan layin nan nawa ne, kuma gaskiya nake so a wurin, ko ya tashi ko bai tashi ba, ko kin sha ko kin manta. In na ga da sauƙi a ƙasan layin nan, ki sani zan hau buhunan gero in zo Belbeji, in tsaya a ƙofar ajinki da gwangwani a hannu, yaranki su sha kallo.

Ubangiji ya kiyaye ki da rana, ya ba ki barci mai daɗi. Ya sa mai duba malamai ya same ki a tsaye da alli a hannu, idonki garau. Ya tsare ki daga kunama da ruwa marar kyau da mugun maƙwabci, ya maido mana da ke lafiya in an yi hutu. Amin.

Gwaggonki ta ce in bari ta tambaye ki in kin zo. Na ce a'a, ta huta, aiken ya isa haka. Na daɗe riƙe da alƙalamin nan kafin in iya, babanki yana ta leƙe yana cewa ko tawada ce ta ƙare.

Rahila. Ga shi na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Rahila, ƴata, yaya kan naki? Ba gaisuwa ba ce.

Innarki,
Saratu